Manomin da Ya Ɗaga Dutse, Tsuguno Ya Kayar da Shi

Ku gyara zama, ku ji wani misali.

Akwai wani manomi a wani ƙauye na bakin rafi, sunansa Nomau. Mutum ne mai ƙwazo, rumbunsa ba ya rabuwa da dawa, tsakaninsa da maƙwabta kuma sai alheri. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, shi ne kokawa.

A ƙauyen nan, in an gama girbi an kai amfanin gona gida, sai a share fage a yi kokawa da mutanen ƙetaren rafi. Kowane gidan 'yan kokawa yana da takensa, wato kiɗan da makaɗi ke yi masa da ganga, wanda da an ji shi an san gidan da ake nufi. Amma suna da wata al'ada. Gidan da ya yi kaka uku a jere bai kayar da kowa ba, sai makaɗi ya ajiye takensa, ba a ƙara tayar da shi har abada. Mahaifin Nomau, marigayi Tunau, shi ya samo wa gidansu take da guminsa. Nomau kuwa shi kaɗai ne namijin da ya rage a gidan, ga shi kaka biyu ke nan ana shimfiɗa shi a ƙasa a gaban jama'a. Saura ɗaya. In ya sake faɗuwa, taken ubansa ya mutu a hannunsa.

Sai Nomau ya zauna ya yi tunani, ya ce a ransa, "Ƙarfi ne ya yi mini kaɗan." Akwai wani ƙaton dutse a bakin rafi wanda mata ke wanki a kansa. Ya dube shi, ya ɗaura wa kansa niyya cewa kafin ruwan farko ya sauka sai ya ɗaga dutsen nan har ƙirjinsa, ya kai shi gindin mangwaron da ke kan tudu.

Duk ranin nan, kullum da safe yana bakin rafi, yana nishi, yana gumi. Matarsa Afiniki ta zuba masa ido kwana da kwanaki, rannan dai ta kasa haƙuri, ta ce, "Baban Godiya, ni dai a ganina, duk sau biyun nan ƙafa aka kama maka. Ban ga wanda ya ɗora maka dutse ba."

Ya ce, "Ke kuma me kika sani a kokawa?"

Ta ci gaba da tankaɗen garinta.

Ba zan rage masa komai ba, mutumin nan ya yi ƙoƙari. Ranar da aka yi ruwan farko, ya rungumi dutsen, ya miƙe da shi, ya taka har gindin mangwaro ya dire. Damatsansa sun cika, wuyansa ya yi kauri kamar na bijimi. Mata suka yi ta mita don ya raba su da wurin wankinsu, amma ko a jikinsa. Ya wanke hannu ya nufi gidan Baba Korau, wani tsohon ɗan kokawa wanda ya sha karawa da mahaifinsa a zamaninsu, don ya ba shi labari ya sha yabo.

Ya tarar da tsohon a tsugune a ƙofar gida, da ƙwaryar tuwo a gabansa. Bayan sun gaisa, Nomau ya kwashe labarin dutse ya faɗa masa. Baba Korau ya ce, "Madalla, ɗana. Matso mu ci."

To, ƙasa a jiƙe take saboda ruwan da aka yi, babu tabarma, babu kujera. Dole Nomau ya tsuguna. Gwiwoyinsa suka yi ƙara, dugadugansa suka ƙi taɓa ƙasa, ya tsaya a kan yatsu yana rawa. Loma ɗaya, loma biyu, a ta uku cinyoyinsa suka ɗauki kyarma. Kafin ya ankara sai ga shi rigingine a cikin taɓo, da lomar tuwo a hannu!

Tsohon bai yi dariya ba. Ya haɗiye lomarsa, ya ce, "Wa ya kayar da kai?"

Nomau ya ce, "Babu kowa, Baba."

"To, in babu kowa ka faɗi, ina ga an sa maka hannu?"

Kunya ta kama Nomau, ya rasa inda zai sa fuskarsa. Sai ya tuna da maganar matarsa, abin ya ƙara yi masa ciwo. Ya tashi yana karkaɗe riga, ya ce, "Baba, ashe duk ranin nan aikin banza na yi?"

Baba Korau ya ce, "Ba banza ba ne, ƙarfi ai ba ya ɓaci. Amma dutse ba ya kama ƙafa, ba ya ja, ba ya turawa. Mutum za ka gamu da shi a fage. Kayan da za ka ɗauka a can kuwa jikinka ne, shi kuma har yanzu ba ka iya ɗaukarsa ba."

Nomau ya sunkuyar da kai ya ce, "An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni kuwa na kusa arba'in."

Tsohon ya ce, "Kai ba icce ba ne. Mutum ne kai, da jini a jikinka."

Daga nan ya yanka masa aiki. Ya ce lokacin shuka ya yi, gyaɗar iri tana jiran ɓara. Ya ce Nomau ya karɓi aikin daga hannun matarsa, ya riƙa yi a tsugune, dugadugai a ƙasa, har ranar da zai ɓare ƙwarya guda bai tashi ba. In matar ta fara surfe kuma, ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya ɗora ɗayar a kan katangar rumbu, kada ya sauke sai taɓarya ta yi shiru, gobe ya juya ƙafa. Ya kuma nuna masa reshen tsamiya, ya ce ya riƙa kama shi yana jan jikinsa sama har haɓarsa ta wuce reshen. Ya ce, "Kada ka auna kanka da kowa. Daga kasuwa zuwa kasuwa, ka zo ka gaya mini abin da ya ƙaru, ko da ƙwayar gyaɗa goma ce."

Kai, jama'a, dutsen nan bai ba Nomau wahalar da gyaɗa ta ba shi ba! Ranar farko ko tafin hannu bai ɓare ba ya zube. Wahalar jiki ma da sauƙi, bakin mutane ne abin ji. Lokacin ɗaga dutse, maza kan tsaya su yi masa kirari. Yanzu kuwa mai wucewa sai ya leƙo ta kan danga ya ga ƙato a tsugune yana aikin mata, ko ya gan shi tsaye da ƙafa ɗaya a gefen turmi. Matan da ya raba da dutsen wankinsu suka samu abin da suke so, suka sa masa suna Shamuwa. Sau biyu ya yi niyyar watsar da abin. Amma in ya tuna saura kaka ɗaya, sai ya haɗiye fushinsa ya koma ya tsuguna.

Afiniki kuwa ba ta taɓa ce masa "ai na gaya maka" ba. Sai dai wata rana in ta ga ya fara daɗewa, takan ƙara hatsi a turmi da gangan, tana surfe tana murmushi.

Kasuwa ta uku, dugadugansa suka sauka ƙasa. Da gyaɗar iri ta ƙare, ya koma cire ciyawar gona a tsugune. A tsakiyar damina zumuɗi ya kwashe shi, ya ɗaga ƙafar daga katangar rumbu ya kai ta kan danga a rana ɗaya, jijiyar cinyarsa ta amsa. Ya je wa Baba Korau yana ɗingishi. Tsohon ya yi masa faɗa sosai, ya ce sannu ba ta hana zuwa, ya sa shi ya huta kwana bakwai, sa'an nan ya mayar da shi baya inda ya fara. Nomau ya koma ba musu. Kafin dawa ta nuna, yana ɗora ƙafa daidai kafaɗarsa, Afiniki ta gama surfe ta yi bakace, shi yana tsaye yana ba ta labarin gona.

Aka yi girbi, aka share fage. Dokar wurin ita ce duk wanda hannunsa, ko gwiwarsa, ko bayansa ya taɓa ƙasa, an kayar da shi. Sarkin fage ya haɗa Nomau da Jatau na ƙetaren rafi, wanda ya kayar da shi bara. Jatau ya san inda ya samu sa'a, bai ɓata lokaci ba. Suna haɗuwa ya nutse ya cafke ƙafar Nomau ta dama, ya ɗaga ta sama. Mutanen ƙetare suka fara ihu tun kafin a faɗi, gama bara a nan aka gama.

Amma ƙafar ta tafi sama, Nomau bai tafi ƙasa ba. Jatau ya ƙara ɗagawa har kafaɗa, ya tura, ya ja, ya juya da shi. Nomau yana tsaye da ƙafa ɗaya, yana bin sa duk inda ya yi, hannunsa a wuyan Jatau. Da ya ji numfashin Jatau ya fara sama-sama, hannunsa ya yi sanyi, sai ya fizge ƙafarsa, ya yi ƙasa kamar zai ɓare gyaɗa, ya shige ƙarƙashinsa ya rungumi cinyoyinsa biyu. A nan ne ƙarfin dutse ya yi ranarsa. Ya miƙe da shi, ya shimfiɗa shi a ƙasa rigingine.

Afiniki ta rangaɗa guɗa. Makaɗi ya gyara ratayar gangarsa, ya saki taken Tunau, tsofaffi suka miƙe suna ɗaga sanduna. Nomau ya tsaya a tsakiyar fage, ƙato guda, yana hawaye don murna, bai damu da wanda ya gani ba.

To, 'yan'uwa, ma'anar wannan misali ita ce. Dutsen nan shi ne irin aikin da muke zaɓa wa kanmu domin ido yana ganinsa, baki kuma yana yabonsa. Wani ya iya doguwar addu'a a gaban taro, wani azumin kwana uku ba ya yi masa wuya, wata kuma muryarta ce ke gaba a zumuntar mata. Duk wannan yana da kyau, ba kuwa zai ɓace ba, kamar yadda ƙarfin Nomau bai ɓace ba. Amma Magabci ba ya tarar mutum ta inda yake da ƙarfi. Ya san inda ka sandare, can yake kai hannu, kuma inda ya kama ka bara nan zai dawo bana. Ga wani, wurin fushi ne. Ga wani, bakinsa ne ba ya iya furta "na yi kuskure". Ga wani kuma, ba ya karɓar gyara daga matarsa ko daga wanda bai kai shi shekaru ba.

Saboda haka in za ka ɗaura niyya a gaban Ubangiji, kada ka tambayi kanka abin da zai sa a yabe ka. Tambayi kanka inda ake yawan kayar da kai. Sa'an nan ka yanka wa kanka aiki kaɗan wanda za ka iya aunawa daga Lahadi zuwa Lahadi, ka kuma nemi dattijo mai gaskiya wanda za ka riƙa gaya wa inda ka kai. Za a yi maka dariya, gama sunkuyawa ba ta da kirari. Amma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, Allah kuma yana tare da mai sauke kansa.

Na san a cikinmu yau akwai mutumin da shi kaɗai ya yi ta ɗaukar buhunan siminti lokacin ginin majami'ar nan, muna kuwa gode masa. Amma shekara biyu ke nan bai gaisa da ƙanensa ba saboda kunyoyin shuka uku na iyakar gona. Ba zan kira suna ba. Ƙanen yana zaune a benci na baya, kusa da ƙofa, kuma ƙofar nan ɗaya ce, ta nan dukanmu za mu fita. Ban ce yau ku raba gonar ba. Aikin wannan mako "ina kwana" ne kawai, kuma babban ne zai fara.

Mu sunkuyar da kai, mu yi addu'a.