Girgizar da Shuja'at Ya Ɓoye

A garinmu Khaplu babu wanda bai san Shuja'at Ali ba. Mutum ne mai kyauta, mai neman na kansa, kuma duk cikinmu masu raka baƙi 'yan yawon buɗe ido babu wanda ya fi shi sanin hanyoyin duwatsun nan. Aibinsa ɗaya ne, amma babba ne: duk abin da ya zaɓa da hannunsa ba ya taɓa yarda yana da illa. Ko shayinmu na gishiri ya haɗa gishirin ya yi yawa, zai shanye yana murmushi ya ce harshenka ne ya lalace. Ni maƙwabcinsa ne, tare muka tashi, kuma na yi faɗa da shi a kan wannan hali har na gaji.

Shekarar da abin ya faru, da ƙanƙara ta narke hanyoyi suka buɗe, sai ga babbar mota ta sauke masa akwatin katako daga birnin Lahore. Babur ne a ciki, irin dogayen nan da baƙi suke hawan duwatsu da su, ja wur, yana sheƙi. Mu duk ƙananan babura muke ja, shi kuwa ya daɗe yana kiransu kekunan yara. Waɗanda suka sayar masa sun gaya masa kada ya hau sai ya kai shi wurin wakilinsu a birnin Skardu, domin kafin a sa babur a akwati ana cika tayoyin da iska fiye da kima, shokozobar baya ma a ɗaure take tamau, sai an sassauta. Shuja'at ya ce sabon abu ba ya zuwa wurin bakanike. Ya haɗa abinsa da kansa a ƙofar gida.

Tun hawan farko babur ɗin ya nuna halinsa. A kan kwalta da dama-dama, amma da ya hau tsakuwa sai ya kama dukan mai shi. Ko ɗan ƙaramin rami ya taka sai ka ji shi har haƙoranka. Madubai rawa suke, ba ka ganin komai a ciki. Ya ba ni na ɗana sau ɗaya, kafin in kai gadar bakin gari in dawo yatsuna sun mutu, ban san ko na riƙe birki ko ban riƙe ba.

Na ce masa, "Shuja'at, wannan abin ba lafiya ba. Ka kai shi a duba."

Ya ce, "Hannunka ne ya saba da keke. Ƙarfin inji ne kake ji, ba ka san shi ba."

Amma shi ma yana ji. Wata rana ya dawo daga raka baƙi ya zauna a shagon shayi, ya ɗauki kofi, kofin ya suɓuce ya fashe a ƙasa. Yawar, abokin wasanmu wanda bakinsa ba ya shiru, ya kwashe da dariya.

"Kai Shuja'at, wai babur ka saya ko injin niƙa? In mun kawo alkama za ka niƙa mana?"

"Sanyi ne," in ji Shuja'at, ya cusa hannayensa a hammata.

"Sanyi a wannan ranar? To Allah ya kawo zafi."

Shago ya ɗauki dariya. Da a ce ba a yi wannan dariyar ba, wataƙila da ya lallaɓa Skardu a ɓoye. Amma tun daga ranar ya ƙudurta ko zai mutu ba za a ga babur ɗinsa a gaban bakanike ba.

Ana haka bikin ƙanin matarsa Marziya ya zo, a ƙauyensu can saman kwarin Hushe. Hanyar tsakuwa ce zalla, ga dutse a gefe ɗaya, ga kogi a ƙasa. Mu maƙwabta da dangi muka yi hayar mota. Da safe muna loda kaya na ji muryar Marziya daga bakin ƙofa.

"Baban Sukaina, don Allah ka bar ni in bi mota. Ran da ka kai ni asibiti a kan abin nan jefa ni yake ta yi, ƙafata ko mataki ba ta kai ba."

"Ki bi mota ni in shiga garinku ni kaɗai kamar gwauro? Me iyayenki za su ce?"

"To ka tafi a hankali."

"Ke dai ki riƙe ƙarfen baya."

Matanmu ba sa raba ƙafa a kan babur. A gefe suke zama, ƙafafu biyu ɓangare ɗaya, hannu guda na tattare mayafi, kuma mace mai kunya ba ta rungumar ƙugun mijinta a bainar jama'a. A kan ƙananan baburanmu wannan zama ba komai ba ne, ga faɗi ga kusa da ƙasa. Kujerar nasa kuwa siririya ce, tana can sama. Shi yana da hular kwano. Ita mayafi ne kawai a kanta. Marziya ta miƙo mana 'yarsu Sukaina, muka tafi muka bar su, don ya ce ko ya ba mu rata zai tarar da mu.

Mun isa, an shimfiɗa mana, ana kiɗa, maza na rawa a fili, sai muka ji rurin inji daga ƙasa. Yara suka ruga. Shuja'at ya shigo fili yana murza totur, ya yi kwana a gaban jama'a ya tsaya. Ya yi ta fama da hular kwano don yatsunsa sun ƙi aiki, da ƙyar ya cire, bakinsa har kunne. Babu wanda ya yi masa murmushi.

Surukinsa, dattijo mai sanda, ya matso ya ce, "Ɗana, ina Marziya?"

Shuja'at ya waiwaya. Har yau in na rufe ido ina ganin fuskarsa a wannan lokacin. Babu kowa a bayansa.

Muka cika mota muka gangara. Mun yi tafiya mai nisa, fiye da yadda kowa ya zata, kafin mu same ta a wata kwana inda ruwa ya zaizaye hanya ta yi gargada. Kanta ya bugu da dutse. Ba nan take ta cika ba, domin mun ga inda ta ja jiki zuwa bakin hanya, ta jingina tana fuskantar wajen da mijinta ya nufa. Tana numfashi muka ɗauke ta. Kafin mu kai asibiti rai ya yi halinsa.

Shuja'at ya zauna a ƙasa yana kallon tafukansa, yana maimaita magana ɗaya. "Ban ji ba. Wallahi ban ji ta faɗi ba." Na yarda da shi. Mutumin da girgiza ta kashe wa hannu da baya, iska na kaɗa masa kunne cikin hula, madubinsa ba ya nuna komai, ta ina zai ji? Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, har yanzu ban san wanne ya fi yawa ba. Abincin da aka dafa don biki, masu zaman makoki ne suka ci shi.

Mai karatu, darasin a fili yake. Idan abin hannunka ya nuna maka yana da matsala, ka yarda, ka kai a gyara, ko da za a yi maka dariya. Dariyar abokai tana wucewa kafin shayi ya huce. Kuma idan wanda ya dogara da kai ya ce yana jin tsoro, ka tsaya ka saurare shi, domin sau da yawa mai girman kai ba shi ne ke faɗuwa ba, wanda ya goya a bayansa ne.