Malamar Da Ta Ja Kunnen Tsoho Ɗan Shekara Tara

Kai da kake zaune a ofis a birni, ɗakinka da ɗumi, kana raɗa wa duk malamin da za a turo mana cewa 'ya'yanmu ƙanƙara ce a kansu ba ƙwaƙwalwa ba: na san ka, ka kuma san na san ka. Ba zan kama suna ba. Kai ne kake sa su zo da akwati a ɗaure, su ɗauki hoton karnukanmu, duhu yana shigowa su ce uwarsu ba lafiya. To gyara zama. Mabiya shafin nan, ku ma ku matso.

Akwai wata malama, sunanta Bodil, da jirgi mai saukar ungulu ya ajiye a ƙauyenmu na arewacin Girinlan, ƙasar ƙanƙara, ana dab da daskarewar teku. 'Yar Denmak ce, doguwa, tana tafiya kamar wadda ta bar tukunya a wuta.

Makon farko ta ba mu dariya har muka gode Allah. Takan ƙwanƙwasa ƙofa ta tsaya jira, kamar 'yar sanda, mu kuwa turawa kawai muke yi mu shiga. Ta je ɗiban ruwa da safar hannun birni, yatsunta suka ƙi lanƙwasuwa. Ta miƙa hannu za ta shafa karen da ke jan keken kan ƙanƙara, saura kaɗan ta koma gida da yatsa huɗu. Amma kowace safiya sai ta tarar da kifi rataye a marikin ƙofarta, don ba ma barin baƙo da yunwa.

Makarantar aji ɗaya ce, manya da ƙanana a haɗe. A cikinsu akwai Eliarsi, ɗan shekara tara.

An haife shi a makon da tsoho Eliarsi ya rasu, mutumin da ya tsufa yana karanta mana waƙoƙi a coci, aka ba jaririn sunan. Wanda ya ɗauki suna kuwa ya ɗauki dangin mai suna gaba ɗaya. Don haka Juaansi, ɗan marigayin, shugaban kwamitin iyaye, mai furfura har a gira, yana kiran wannan jikan nasa "Baba". Tsohuwa Bolatta, matar marigayin, tana kiransa "Maigida". Ko a rabon nama, nasa ake fara cirewa.

Duk lokacin da Malama ta ce a buɗe littafi, sai Eliarsi ya ɗora ƙafa kan benci ya harɗe hannu.

"Eliarsi, karanta mana layin farko."

"Na gaji da karatu," in ji shi. "Tun ba a haifi uwarki ba nake yi. Yanzu hutawa nake."

Yara suka kwashe da dariya. Yau haka, gobe haka. Rannan, rana ta riga ta tafi hutunta na hunturu, makonni ba ta fitowa, tsakar rana ma sai da fitila, zuciya ta ɗebi Malama. Ta kama kunnensa, ta ja shi har bakin ƙofa, tana ɗaga murya.

Yara suka sunkuyar da kai. Ba wanda ya yi kuka, ba wanda ya yi dariya.

Washegari ba kifi a ƙofarta. A shago ta gaishe da mutane, kowa ya ga wani abu mai muhimmanci a kan kantar shagon. Mu ba ma zagi. Shiru muke yi wa mutum har ya ji kamar ya mutu bai sani ba.

Juaansi ya same ta a makaranta, ko hula bai cire ba.

"Malama, kin ja kunnen ubana."

"Ubanka? Jikanka dai! Yaro ne mara kunya, kuma ku kuka ɓata shi."

"Ni ko da wasa ban taɓa ɗaga masa murya ba, da can da yanzu. Ranar da rana ta dawo kwamiti zai zauna. Jirgin farko bayan nan, akwai kujerarki a ciki."

Ya juya ya fita. Ta san ba barazana ba ce. Ta kuma san abin da mutumin ofis zai ce: "Ai na gaya miki."

Malaman da suka gabace ta, a nan suke fara naɗe kaya. Ita sai ta zauna tana juya wani abu a ranta. Ta tuna duk sanda ta rubuta abu a allo, idon yaron ba ya bin rubutun. Bakin na kusa da shi yake kallo, ya maimaita.

Ta saka takalmi ta nufi gidan Bolatta. A bakin ƙofa ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa, ta tuna, ta tura kawai ta shiga.

Bolatta ido ya kusa tafiya, amma baki yana nan daram. Tana jin yaren Malama, ta koya tana budurwa lokacin da ta yi jinyar tari a ƙasar su Malama.

"Wannan takun na mai jan kunnen mazajen mutane ne," in ji ta. "Zauna. Kofi yana kan murhu, ba ni da bawa."

Malama ta zuba ta zauna. A cinyar tsohuwar akwai littafin waƙoƙin coci, bangonsa ya yi baƙi don shafa.

"Kina karantawa, Iya?"

"Da wane idon? Nasa ne. Tun muna amare ba na kurɓar kofin safe sai ya karanta mini waƙa ɗaya. Amma tun da ya dawo, lalaci ya kama shi. Kullum wai ya gaji."

"Kin taɓa ce masa ya karanta ɗin?"

Tsohuwa ta juyo da fuska. "Ke kina da hankali kuwa? Wa ke yi wa mijinta jarrabawa?"

A nan Malama ta gane komai. Yaron bai iya karatu ba, ko harafi. Tun yana goye ake ce masa shi ne gwanin karatun ƙauye, to da wane baki zai ce bai sani ba? Ba wanda ya gane, don ba mai gwada ubansa. Sai baƙuwa, wadda shi ba ubanta ba ne.

Da tana da girman kai, da ta je kwamiti ta tona, ta wanke kanta. Ba ta yi ba. Ta sayi kwalin sukari mai ƙwaya, irin wanda aka ce marigayin yana so, ta jira ranar da shago ya cika. Ta durƙusa a gaban yaron, ita da tsawonta.

"Tsoho, na yi kuskure. Ban san gari ba. Ka yafe mini."

Eliarsi ya karɓi sukari, ya jefa ɗaya a baki, ya dube ta sama da ƙasa.

"Yaran yanzu," in ji shi. "Tashi, ya wuce."

Wani a bayan shago ya shaƙe da dariya. Evnike, matar Juaansi, ta taɓe baki. "Sukari ba ya tsayar da jirgi."

Daga ranar, ana tashi makaranta sai Malama ta wuce gidan Bolatta, ta ce ta zo ta karanta wa Iya waƙa tunda Maigida yana hutu. Haruffanmu da nasu iri ɗaya ne, amma kalmominmu dogaye ne kamar igiyar kamun kifi. Tana karantawa kamar mai tauna tsakuwa. Karnukan waje ma sai da suka amsa.

Eliarsi yana kwance a ƙasa yana wasa da kwikwiyo. Waƙoƙin nan duk yana da su a ka, a coci ya girma. Ya daure, ya daure, ya kasa.

"Tsaya! Tsaya, don Allah! Kin kashe waƙar, kin binne ta!"

"To Tsoho, zo ka nuna mini inda na ɓata. Ni zan sa yatsa, kai ka faɗa yadda take."

Ya zo yana tsaki. Yana rerawa, yatsanta yana tafiya a ƙarƙashin kalma, a hankali. In ya yi sauri ta ce, "Haba Tsoho, ka tausaya wa ɗaliba, maimaita." Ya maimaita, idonsa a kan yatsan.

Ba ta taɓa cewa tana koya masa ba. Ko sau ɗaya. Shi ne malami, ita ce daƙiƙiya, ya kuma ji daɗin faɗa mata hakan kullum.

Ba kullum ake cin riba ba. Wata rana ya yi jifa da littafin ya fice, har kwana biyu bai leƙo ba. Malama ta ci gaba da zuwa tana kashe waƙoƙi da ƙarfi, yadda za a ji daga waje. Ya dawo da kansa, wai ba zai bari a wulaƙanta littafinsa ba. Sannu a hankali yatsanta ya janye, nasa ya maye wurin.

Bolatta ba ta gani sosai, amma ba kurma ba ce. Wata yamma bayan ya fita ta ce, "Na ji abin da kike yi, 'yar nan."

Malama ta buɗe baki za ta yi bayani.

"Ban ce komai ba," in ji tsohuwa. "Ƙaro mini kofi."

Ranar da rana ta dawo, duk ƙauye muka hau dutse kamar kowace shekara. Ta leƙo ja, kamar bakin garwashi, muka yi mata waƙa, ta koma. Daga nan kowa ya wuce ajin makaranta shan kofi da waina, inda kwamiti zai yanke magana. Akwatin Malama yana gida a buɗe, rabi a cike.

Juaansi ya miƙe yana gyaran murya. Bolatta ta buga sanda a ƙasa.

"Zauna, yaro. Ban sha kofi ba. Maigida, zo ka karanta mini."

Eliarsi ya fito da littafin, kunnuwansa jajur. Ya buɗe waƙar da kowa ya sani, ya zuba ta tiryan-tiryan. Mutane suka fara gyaɗa kai.

"Wannan ko kwikwiyonsa zai rera ta," in ji Evnike. "Hadda ce. Malama ta shirya mana wasa don ta tsira."

"Surukata ta yi gaskiya, abin da ba ta saba ba," in ji Bolatta. "Maigida, je can ƙarshe. Shafin da kofi ya zube a kai. Wadda kake karanta mini ni kaɗai."

Malama ta runtse ido. Ba su taɓa kaiwa shafin nan ba. Ba a rera waƙar a coci, ba wanda ya san ta a ɗakin sai tsohuwar.

Yaron ya samo shafin. Ya ɗora yatsa. Ya dubi Malama. Ita dai ta ɗaga gira kawai.

Ya fara. Gaɓa ɗaya, ya tsaya. Ya haɗa ta biyu. Kalmar farko ta fito da ƙyar kamar kifin da ake jawowa ta ramin ƙanƙara. Ta biyu ta biyo. A layi na uku ya yi tuntuɓe, ya koma baya da kansa, ya gyara. Leɓen Bolatta yana motsi tare da shi, amma ba ta taya shi da harafi ɗaya ba. Ya kai ƙarshe, ya rufe littafin, gumi a goshinsa cikin wannan sanyi.

Juaansi, ƙaton mutumin da ya sha faɗawa ruwan ƙanƙara ya fito yana dariya, ya rufe fuska da hula.

Bolatta ta ɗauki kofinta ta kurɓa.

"Ka daɗe, Maigida," in ji ta. "Har ya huce."

Ɗakin ya ɓarke. Wasu na tafi, wasu na share ido, Evnike tana cewa hayaƙin murhu ne ya shige mata.

Tsohuwa ta sake buga sanda. "Ina mai jan kunnen? Matso." Ta laluba ta kama hannun Malama. "A rayuwar mijina mace ɗaya ce ta taɓa jan kunnensa, ita ce kuma ta koya masa karatu. Uwarsa, Amaalia. Masifaffiya, doguwa, ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Sunanta ya daɗe ba mai ɗauka. Daga yau ke ce." Ta juya wajen ɗanta. "To, shugaban kwamiti, me za ka faɗa ne ɗazu?"

Juaansi ya share hanci, ya dubi Malama.

"Cewa zan yi... Kaka, gobe za a kawo miki kifi."

Eliarsi ya kama kunnuwansa biyu. "Shi ke nan," in ji shi. "Na shiga uku. Uwata ta dawo."

Jirgi ya zo, ya sauke buhunan gari, ya tashi da kujera ɗaya ba kowa.

Darasi: Durƙusa wa wada ba ya rage tsawo. Wanda ya sauke girman kai ya rufa wa wani asiri, da ƙofar al'adar mutane zai shiga zuciyarsu, ba ta taga ba. Ku tura wa duk malamin da ke shirin naɗe kaya, ku tura wa iyayen da ƙauna ta rufe musu ido. Kai kuma na ofis, mai cewa 'ya'yanmu ba sa ɗaukar karatu: jirgi yana zuwa in iska ta yarda. Hau ka zo, ka zauna Eliarsi ya karanta maka shafin da ka zaɓa da hannunka, sannan ka dubi idon Amaalia ka ce ƙarya nake. Bismillah, ƙofarmu ba a ƙwanƙwasawa.