Motar da Tanimu Ya Ƙera wa Iya Tabawa

Ke Uwani, rufe mini baki. Wace irin tambaya ce wannan, wai ko da gaske mutum zai iya ƙera mota a tsakar gida? Ku da ko tsintsiya ba ku iya ɗaurewa ba, komai kuka ji sai ku ce ƙarya ne. Ku matso nan, kuma duk wanda ya katse ni na fasa.

Tanimu mai walda ne a Malumfashi, shi ne autan Iya Tabawa. Tun da ta faɗi a bakin rijiya ƙafarta ta dama ta sandare, ba ta lanƙwasuwa, babu motar hayar da take iya shiga. Sai ya ce shi zai yi mata tata. Shekara huɗu yana fama. Inji ya ciro daga wata matacciyar mota, ƙarafa daga wurin 'yan gwangwan, tankin mai kuwa da hannunsa ya yanka ya liƙe. Ya yi mata ƙofa mai faɗi kamar ta shago, da doguwar kujera inda za ta miƙe ƙafa. Masu duba motoci suka leƙa sama da ƙasa, suka taka burki, suka ba shi takarda da lamba.

Lambar ba ta kwana uku ba sai ga saƙo daga wani ƙauye can gaba da Bakori. Kuluwa, yayar Iya Tabawa, tana kwance, ta daina cin abinci, sunan ƙanwarta kawai take kira. Shekara tara ba su ga juna ba, kuma da faɗa suka rabu. Iya Tabawa ta ce, "Auta, kai ni in nemi gafararta tana da rai." Da hantsi suka kama hanya, yayarsa Kande tana baya tana tallafe da tsohuwa.

Ba su yi nisa da gari ba lagireto ya tafasa. Tanimu ya rasa abin da ke masa daɗi, don a gida sai inji ya wuni yana aiki bai yi zafi ba. Ya ƙara ruwa, ya duba tiyo, ya tayar, yana ta zufa. Kande ta sauko ta tsaya gaban motar, sai ta ga iska tana turo gyalenta baya. Ita ba ta san sunan ƙarfe ko ɗaya ba, amma shekara talatin tana shiƙar hatsi.

Ta ce, "Kai, in kana gudu iskar hanya ta ina take shiga?"

Ya ce, "Ta nan gaba, Yaya."

"Fankarka kuma tana hurowa waje. Ashe faɗa ka haɗa su, shi inji ya zauna ba ko ɗaya."

Ya duba, ashe wayoyin fankar biyu ya juya. Ya musanya su, gyalen Kande ya manne a gaban mota, inji ya huce.

Suka ci gaba. Can sai mota ta yi tari ta mutu. A huta kaɗan ta tashi, a ɗan taɓa tafiya ta sake mutuwa. Ta ukun a gaban teburin wani mai shayi ta tsaya, Ɗan'azumi sunansa. Tanimu ya kwance fulogi, ya hura kabureta, duk lafiya lau. Da ya buɗe murfin tanki don ya ga ko mai ne ya ƙare, sai tanki ya ja iska, fuuu, har mai shayi ya ji daga inda yake. Ɗan'azumi ya yi dariya, ya ɗauko gwangwanin madara ya huda gefe ɗaya ya karkata, tana ɗiga da ƙyar. Ya huda ɗaya gefen, sai ga ta tana zuba.

Ya ce, "Injiniya, waldarka ce ta yi kyau fiye da kima. Ko gwangwani sai an bar masa hanci."

Ya karɓi murfin, ya koma gefe nesa da mai, ya huda shi da ƙusar da yake huda madara. Ya kuma haɗa wa tsohuwa shayi mai kauri ya ce sadaka ne. Daga nan mota ba ta ƙara tari ba.

A teburin nan akwai wani tsohon makaɗi, Nomau mai kalangu, za shi gidan suna a kan hanyarsu, ya roƙa a rage masa hanya. Tanimu bai so ba, Iya Tabawa ta ce a ɗauke shi. Da suka sauka daga kwalta suka hau burji, Nomau yana ta buga yatsu a gwiwa, sai ya daina. Ya ce a tsaya. Tanimu ya dubi rana ta karkata, ya ce ba zai tsaya ba.

Nomau ya ce, "Tayar baya ta hagu ta canza kiɗa. Shekara arba'in da kunnen nan nake cin tuwo. Ko ka tsaya ko in buɗe ƙofa in dira."

Ya kama marikin ƙofa da gaske. Tanimu ya taka burki yana ƙunƙuni. Da ya tsuguna sai ya gani da idonsa: noti huɗu ne ke riƙe da tayar, biyu sun faɗi, biyun da suka rage da yatsa ake juya su. Fenti ne ya lafta mai kauri a ƙarƙashinsu don kwalliya, tafiya ta murƙushe shi, noti suka saki. A gabansu kuwa gangare ne mai tsawo, da gada a ƙarshensa. Ya kankare fentin, ya aro noti ɗai-ɗai daga tayoyin gaba, ya bi kowace taya da sifana ya ɗaure tam.

Bayan la'asar suka isa. Kuluwa tana da sauran magana. Aka kwantar da su kusa da juna a tabarma ɗaya, suka riƙe hannu, kowacce ta ce ta yafe, har Kuluwa ta kurɓi furar da ƙanwarta ta dama. Kwana biyu bayan nan Kuluwa ta cika, Allah ya karɓi abinsa.

Da suka dawo gida Tanimu ya kira mai rubutun jikin mota. A gaba aka rubuta godiya ga Allah, wannan babu gardama. A baya Iya Tabawa ta ce a sa sunan wanda taimakonsa ya kai ta wurin yayarta, amma wurin gajere ne, suna ɗaya kaɗai zai ɗauka. Tanimu ya tsaya yana tunani, fenti yana bushewa. Ba don Kande ba, da inji ya ƙone tun a bakin gari. Ba don Ɗan'azumi ba, da suna nan suna kwance kabureta har a yi jana'iza babu su. Ba don Nomau ba, da gawa huɗu za a tsamo a ƙarƙashin gada.

Kada wanda ya fara mini hayaniya yanzu. Ku tashi, kowa ya kakkaɓe shimfiɗarsa ya kwanta, ke Uwani ki shigo da butar nan. Da safe ba mai shan kokona sai ya faɗa mini, da dalilinsa: a cikin ukun nan, sunan wa ya fi cancanta a rubuta a bayan motar?