Ɗakin Kallon Darakta da Ƙofar da Ba Ta da Hannu

Akwai wani bawan Allah, ya ku mabiya wannan shafi, da aka yi wa zaluncin da tun da nake ban taɓa jin irinsa ba. Juyin mulki aka yi masa a cikin gidansa, da rana tsaka. Mutum mai kamala, mai kyan gemu, wanda ko a hoton taro shi ido yake fara kamawa, yau ga shi a kujerar roba a layin baya, rimot yana hannun wasu. In kuna da hawaye ku matso da su kusa.

Ana ce masa Darakta. Ba wanda ya raɗa masa, shi ya raɗa wa kansa ranar da ya shigo gida da majigi a kwali, ya ce daga yau ya daina kallon fim a falo kamar kowa.

A gidan akwai wani ɗaki jikin kicin, inda maiɗakinsa take ajiye keken ɗinkinta. Ya same ta da tattausar murya.

"Maman Auta, ɗakin nan ya yi wa keke girma. Ki ba ni in yi mana ɗakin kallo. Namu ne duka, ni da ke da Auta."

"Namu duka?"

"Kujerarki ma ita ce a gaba."

Ta yi masa kallon matar da ta shekara ashirin tana jin alkawari daga baki ɗaya, sannan ta ja kekenta zuwa baranda.

Darakta ya kira wani dattijon kafinta aka fara aiki. Aka toshe taga da katako. Aka manne bango da soso, aka rufe shi da baƙin yadi. Ƙofar ma aka ninka ta, aka cusa soso a tsakiya, aka zagaye bakinta da roba don kada sauti ya fita. Sifika biyar ya rataya, ga wata ƙatuwa a ƙasa mai gurnani, wadda ya sa wa suna Zaki. Ya yi kwana uku yana rarrafe da tef ɗin awo, har ya gano daidai inda sauti yake haɗuwa a tsakiyar ɗaki. Nan ya dasa kujera mai laushi. Guda ɗaya.

Kafinta ya share gumi ya ce, "Yallaɓai, ɗakin nan ba ya numfashi. Bari in bar 'yar kafar iska a ƙasa."

"Baba Kafinta, kai katako ka sani, ni sauti na sani. Ko allura kada ta samu hanya."

Kafinta ya ce to, irin "to" ɗin da dattawa suke faɗa in sun riga sun yanke abin da za su yi.

Da aka gama, Darakta ya liƙa takardar dokoki a ƙofa. Ba a shiga da waya, ga kwando nan a waje. Ba mai taɓa ƙofar sai da izininsa. Ta ukun ma da jan biro ya rubuta ta: duk ihu ko bugu da aka ji daga ɗakin nan na fim ne, kada a dame shi.

Auta, 'yarsa mai shekara goma sha biyu, ta karanta ta ce, "Baba, mu yaushe za mu kalla?"

"Ana kan gwaji."

Mako uku ana gwaji. Mutum ɗaya ne yake gwajin.

Abu ɗaya ne ya hana Darakta sukuni. Duk lokacin da Zaki ya yi gurnani, sai hannun ƙofa na ciki ya kama karkarwa, ƙir-ƙir-ƙir, kamar cokali a kofi. Ya kira Kafinta a waya.

"Ɗaure shi kawai za a yi, Yallaɓai. Ka bari jibi in zo."

Darakta ba mutumin jibi ba ne.

Ranar Asabar ce, ranar ba da kyaututtuka a makarantar su Auta. Ita aka zaɓa ta yi jawabi a madadin ajinsu, da ƙarfe huɗu. Kafin ta wuce makaranta da hantsi ta tsaya a gabansa.

"Baba, bara ma cewa ka yi za ka zo."

"Bara daban. Yau ni zan fara zama, ni zan fara tafi."

Da gaske yake. Ƙarfe biyu ya riga ya yi wanka, ya sa fararen kaya, ya fesa turare. Sai ya ga akwai sauran lokaci. Ya ɗauko sukundireba ya kwance hannun ƙofar na ciki, ya jefa shi a kwando tare da sukundireban. Ya ɗora wayarsa a kai, domin shi mutum ne mai bin doka. Ya shiga, ya tura ƙofa da ƙafa. Ta ce ƙyas.

Ya kunna fim ɗin yaƙi. Zaki ya yi gurnani, ƙofa ta yi shiru. Darakta ya miƙe shi kaɗai ya yi wa kansa tafi.

Sannan ya kai hannu zai fita. Hannunsa ya kama soso.

Da farko cikin mutunci ya yi kira. "Maman Auta." Ya gyara murya ya ƙara. Ya daki ƙofa, ya ji kamar yana dukan filo. A gaskiya sai da ya ɗan ji daɗi a ransa, ya ce aiki ya yi kyau. Daɗin bai kai minti biyu ba.

Na'urar sanyaya ɗaki sai wata mai zuwa za a saka. Majigi yana hura zafi. Fararen kaya suka manne a jiki, turare ya gudu. Ya ƙure wa Zaki murya ko za a ji a zo a yi masa faɗa. Bango ya girgiza, ba wanda ya zo. Ya tuna jan biro.

Ɗan agogon da ke jikin amfilifaya, na'urar ƙara sautin, ya nuna uku da kwata. Nan wasa ya fita daga ransa. Ya hango Auta a kan dandamali da takardarta, tana bin layin iyaye da ido kujera bayan kujera, kamar yadda aka ba shi labari ta yi bara. Ya kashe komai, ya zube a kan kafet.

Yana kwance sai ya ji wata siririyar iska tana shafar kuncinsa. Ya bi ta da rarrafe, ya ture Zaki gefe, ya ɗaga baƙin yadi. Ga 'yar kafa mai raga, faɗin tafin hannu, tana kallon bayan kicin. Aikin Baba Kafinta.

Darakta ya kifa ciki, ya manna baki. "Maman Auta, ki taimaka."

Ta fito kwashe shanya ne, ta riga ta shirya, jaka a kafaɗa. Ta waiga ba ta ga kowa ba, sai ta durƙusa.

"Wa ke magana a bango?"

"Ni ne. Ƙofa ta rufe ni."

"Ikon Allah. Fim ɗin nan ɗan wasan muryarsa sak ta mijina."

"Ba fim ba ne, wallahi ni ne. Na cire hannun ƙofar."

"Ka cire me?"

"Yana ƙara ne."

Ya ji wani sauti kamar mutum yana danne dariya da gefen mayafi.

"Sau biyu na tsaya a ƙofar nan, Darakta. Na kira wayarka, ta amsa mini daga kwando. Na karanta doka ta biyu, na koma. Har na yanke zan tafi ni kaɗai, in ce wa yarinya babanta yana gwaji."

"Na ba da izini, ki buɗe."

"A bakin ka ba da, ita kuwa dokar a rubuce take."

"Maman Auta, uku da rabi ta wuce."

Ta duba agogonta. Ita ma ba ta son yarinyar ta ga kujera ba kowa, don haka ba ta ja ciniki ba.

"Kekena zai koma kusurwarsa."

"Ya koma."

"Takardar dokoki ta sauka."

"Ta sauka."

"Kujerar gaba da aka yi mini alkawari."

Darakta ya rufe ido. Kwana uku na rarrafe da tef. "Taki ce."

Ta zagaya, ta danna hannun waje da yatsa ɗaya. Ƙofa ta buɗe ba gardama.

Ba lokacin canza kaya. Sun shiga zauren makaranta daidai ana kiran Auta, shi a jiƙe sharkaf, gaban rigarsa duk baƙin zaren kafet. Yarinyar ta hau dandamali ta fara bin layin iyaye da ido. Da ta kai kansa ta tsaya, murmushi ya cika fuskarta, sannan ta buɗe takarda. Ba shi ya fara zama ba, amma shi ya fara tafi, kuma shi ya daina a ƙarshe.

Da ta sauko ta ce, "Baba, kuka ka yi?"

"Gumi ne."

"Har a ido?"

"Ki tambayi mamanki, yau ko'ina gumi nake."

Ranar Litinin Kafinta ya zo ya mayar da hannun ƙofa, ya ɗaure shi da kyau cikin minti uku, karkarwa ta mutu. Da zai tafi ya tambaya, "Yallaɓai, kafar nan in toshe ta? Na ji ka ce ko allura."

"A faɗaɗa ta, Baba."

Yanzu duk Asabar da yamma ɗakin cike yake. Maman Auta tana tsakiya inda sauti yake haɗuwa, rimot a cinya. Auta tana kwance a kafet tana faɗin abin da zai faru kafin ya faru. Darakta yana baya a kujerar roba, sifika ɗaya tana yi masa ihu a kunnen hagu. In ana dariya yakan ɗaure fuska don a san an zalunce shi, sai dai ya lura da wani abu da ba zai faɗa a gabansu ba: mako ukun da ya yi shi kaɗai, ko sau ɗaya bai yi dariya a ɗakin nan ba.

Darasi: Daɗin da ka rufe ƙofa ka hana iyalinka, kai zai fara rufewa a ciki. Ka cika alkawarin da ka yi wa mutanen gidanka, kuma in mai sana'a ya ba ka shawara ka saurara, ko da kai ne mai gemu mafi kyau a unguwa. Ku tura wa duk maigidan da kuka san yana da ɗakin "ana kan gwaji". Masu tambaya yadda na san sanyin iskar kafar nan a kunci kuwa, ku bar wahalar da kanku. Ni na rubuta dokar, ni na cire hannun ƙofar, kuma daga kujerar roba nake rubuto muku wannan.