Zangarniyar da Ba a Sussuke Ba

An yi wani mutum da ya bar gida shekaru masu yawa, yana bin garuruwa, ko'ina ya sauka sai zama ya gagare shi. Da ya gaji ya komo, ya tarar mahaifinsa ya rasu, gona ta zama saura. Gwaggonsa kaɗai ta rage a gidan.

Tsohuwar ta kai shi ɗakin girki, ta nuna masa zangarniyar dawa a rataye saman murhu, inda hayaƙi ke kore mata ƙwari.

"Irin babanka ke nan, da hannunsa ya zaɓa," in ji ta. "Babu wani bayan wannan. Rumbu ma ya kusa ƙarewa."

Mutumin ya sauko da zangarniyar, ya rungume ta. Daga ranar kullum sai ya fita da ita gindin tsamiya, yana yi wa mutane bayani. Ya ce dawar kaura ce. Ya faɗi ƙasar da take so, da dalilin da Baba ya zaɓe ta ya bar sauran. Bakinsa da daɗi, mutane suna jinjina kai.

Ruwan shuka ya sauka. Gwaggo ta ce, "Ɗana, ƙasa fa ta jiƙa."

"Gwaggo, ban gama nazarinta ba. Kuma in na sussuke ta, me zan riƙa kallo in tuna Baba?"

Ta koma ɗaki tana dafa bango.

Maƙwabta suka yi shuka, suka yi noman fari. Wani da ke wucewa da fartanya ya ce masa, "Malam mai zangarniya, yau ma wa'azin dawa za mu ci da miya?"

Maganar ta soke shi. Ya je gida, ya murza zangarniyar a kan faifai. Sai gari ya zubo, ƙwari suna ta gudu a ciki, gama tun ranar da ta bar hayaƙi suke cinta. Ya zauna daɓas, ko kuka ya kasa.

Gwaggo ta jawo faifan, ta tsince ƙwayoyin dawa masu rai ɗaya ɗaya da idonta da ba ya gani sosai. Ko tafin hannu ba su cika ba.

"Na gaji da yi maka magana," ta ce. "Ɗauki sungumi."

Ya shuka a makare. Kunya biyu kawai ya samu. Shekarar sun sha wuya ƙwarai, amma irin bai ɓace ba.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Zangarniyar ita ce misalan da Ubangijinmu Yesu ya bar mana. Mutumin kuwa shi ne duk wanda ya iya fassara su, yana zaune yana cewa wannan na nufin kaza, wancan na nufin kaza, ana yaba masa, alhali ko ɗaya bai sauka a zamansa ba. Ya iya bayanin gafara, amma shekara guda ba ya gaisawa da ɗan'uwansa. Ƙwarin su ne girman kai da "sai gobe". Suna ci a ɓoye, zangarniya kuwa tana nan da kyanta a ido.

Wasunmu mun yi yawo, mun dawo a gajiye, damina ta yi nisa. Duk da haka a tsince abin da ya rage. Misali ɗaya ya isa. Kafin Lahadi mai zuwa, ka je ƙofar wanda ka daina gaisawa da shi, ka yi sallama.