Ranar da Kura Ta Fara Cin Ganye

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, ta wuce.

Akuya ce ta gaji da zaman makokin 'yan'uwanta, sai ta haɗa kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ta kai wa Kura har gida.

Ta ce, "Yaya Kura, ki bar nama haka, ki koma ganye."

Kura ta leƙa akushi, sai hawaye. Ta ce, "Haba ƙanwata, ba ki da imani. Wannan bawan Allah ko ƙafa ba shi da ita. Mu a gidanmu ba ma cin abin da ba ya gudu. Zalunci ne."

Akuya ta ce a ranta, ashe maganin ke nan. Ta fita tsakar gida, ta tona rami, ta binne ƙafafunta duka, ta ce, "To ni ma daga yau shuka ce. Ba inda za ni."

Kura ta kewaye ta, ta shinshina, ta ce, "Ƙanwata, wa'azinki ya shige ni. Yau zan fara cin ganye."

Ta ɗebo garin ƙuli ta barbaɗa mata.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Ba don Gizo ba, da kun ce ƙarya na shirga muku.