Rijiyar Kan Tudu

Akwai wani mai haƙar rijiya, Abubakar, mutumin Damargu. A shekarar 1954 fari da yunwa suka tashe shi daga ƙasarsu da ke ƙarƙashin mulkin Faransi. Ya iso Kaduna da matarsa Kaltume da gidaje shida na 'yan garinsu.

Gwamnati ta sauke su a rumfuna kusa da Kawo, ta yi musu lambar rigakafi, ta ba su hatsi. Sannan ta ba da umurni a ba su filin gini a wata unguwa da ke nan kusa, kowane magidanci kuma a rubuta sana'arsa a kati, a ba shi aron kayan aiki.

Mai unguwar, Aminu, bai so ba. Rijiya ɗaya gare su, kuma a ganinsa bakin da ya ƙaru ruwa ne ya ragu.

Ranar rajista ya zauna kusa da akawun gwamnati, Ayuba, mutumin Kagoro. Ya ce masa kada ya wahalar da alƙalaminsa, ya rubuta lebura kawai, domin duk wanda yunwa ta koro lebura ne.

"Ranka ya daɗe, takardar cewa ta yi sana'arsa," in ji Ayuba. "Bari in tambayi mai ita."

Abubakar ya ce haƙar rijiya ya gada. Aka rubuta, aka ba shi diga da dagi da igiya.

Aminu ba shi da ikon hana fili, amma yana da ikon zaɓa. Sai ya nuna musu wani tudu mai marmara, inda mutanen unguwa suka taɓa haƙa sau biyu suka bari. Ya kuma kafa doka: matan baƙi ba za su ja ruwa ba sai kowace 'yar unguwa ta cika tulunta. Kaltume kan fita da sassafe, ta dawo da hantsi da ruwa mai laka.

Abubakar bai kai ƙara ba. Ya fara haƙa.

Masu wucewa suna leƙawa suna tambayarsa ko kabarinsa yake shiryawa tun da wuri. Ya kan ce a garinsu sai an yi zurfin gaba arba'in ake ganin danshi, na nan wasa ne. Masu haƙar nan in suka tarar da marmara sai su tsaya. Shi nan yake farawa. Wata uku ya yi yana fasa ta, 'yan garinsa na jan ƙasa. A gaba na goma sha ɗaya ruwa ya ɓullo.

Bazara ta yi tsawo a shekara ta gaba. Rijiyar unguwa ta ƙafe, guga sai yashi yake kawowa. Mata suka fara hawa tudu ɗaya bayan ɗaya, kowace tana kallon ƙasa.

Hansai, matar mai unguwa, ta jure kwana huɗu. A na biyar ta ɗauki tulu ta hau, ta tsaya can bayan layi kamar yadda Kaltume ta saba tsayawa a rijiyar unguwa.

Kaltume ta hango ta. Ta ratsa layin, ta kama hannunta ta kawo ta bakin rijiya, ta miƙa mata guga.

"Ni ce ta ƙarshe," in ji Hansai a hankali.

"A'a, Yaya. A garinmu baƙo ke fara ja. Yau ke ce baƙuwarmu."

Labari ya kai wa Aminu. Washegari ya tafi ofishin Ayuba yana neman gwamnati ta turo wanda zai zurfafa rijiyar unguwa. Ayuba ya buɗe littafin rajista, ya bi sunaye da yatsa, ya juya masa shafin.

"Mutum ɗaya gare mu, ranka ya daɗe. Kusa da kai yake."

Da la'asar aka ga mai unguwa yana hawa tudu, ya tsaya a ƙofar Abubakar ya yi sallama.

Darasi: Wanda ya gudo bai bar hannunsa da iliminsa a baya ba. In hukuma ta ba shi mafaka, ta tambaye shi abin da ya iya, ta ba shi damar yi, gari ne ke shan ruwan. Ku tura wa wanda ke ganin baƙo nauyi ne kawai.